JA DA BAYA GA RAGO BA TSORO BA NE: YARA MASU WASAN ALKAFURA DA NAUYIN GASA

Ran 27 ga watan Yuli na shekarar 2021, a birnin Tokyo na ƙasar Japan, wani al'amari ya auku a wajen Wasannin Olamfik wanda har yanzu masu kula da tarbiyyar yara ba su gama juya shi a zukatansu ba. Wata baiwar Allah 'yar ƙasar Amurka, Simone Biles, wadda duniya ta sallama wa a wasan alkafura da lanƙwasa jiki, ta sheƙo a guje, ta dafa teburin tsalle, ta tashi sama da niyyar ta murɗa jikinta sau biyu da rabi kafin ta dira. Sai ga shi ta murɗa sau ɗaya da rabi kurum, ta sauko kamar wadda ba ta san inda ƙasa ta ke ba, da ƙyar ta tsaya bisa ƙafafunta. Ta fita ta komo, ta shaida wa 'yan'uwanta uku cewa ba za ta ci gaba ba. Su ukun suka ƙarasa gasar suka sami lambar azurfa, 'yan Rasha suka ɗauki zinariya.

Nan da nan jama'a suka rabu biyu. Waɗansu suka ce ragwanci ta yi, ta juya wa ƙasarta baya a ranar da a ke bukatarta. Waɗansu kuwa, galibinsu waɗanda suka taɓa yin wasan da jikinsu, suka ce wuyanta ta ceta, har ma da lambar azurfar, gama da ta ci gaba tana faɗuwa da makin ƙungiyar duka ya zube. Shekarunta 24 a lokacin, tana kuma da zinariya 4 da ta ciwo a birnin Rio na ƙasar Birazil cikin 2016. To, in nauyin gasa ya iya durƙusar da irin wannan gwana, ina ga yarinya 'yar shekara 9 ko 10 wadda aka tsayar gaban alƙalai karon farko? Wannan ita ce tambayar da ta kamata malamai da iyaye su tsaya a kanta.

Irin Wasan Da A Ke Magana

Kafin mutum ya yanke hukunci a kan tsoron wani, ya kyautu ya san abin da a ke tsoro. Mata a wannan wasa suna da fage huɗu: tsallake tebur, da lilo bisa sanduna biyu, ɗaya sama ɗaya ƙasa, da wasa bisa dandamali, da kuma tafiya bisa wani siririn katako. Shi wannan katako tsawonsa mita 5 ne, tashinsa daga ƙasa santimita 125, faɗinsa kuwa santimita 10 tak, watau bai fi faɗin tafin hannun babban mutum ba. A bisansa yarinya za ta yi tsalle, ta juya, ta yi alkafura da baya ba ta ganin inda ƙafarta za ta sauka, duk cikin lokacin da bai wuce daƙiƙa 90 ba. In ta faɗo an yanke mata maki 1 cur, an kuma ba ta daƙiƙa 10 ta sake hawa.

Mai buga ƙwallon ƙafa in ya yi kuskure yana da minti 90 na gyarawa, da abokai 10 da za su rufa masa asiri. Ita kuwa mai alkafura ita kaɗai ce a fage, idon kowa a kanta. Aikin da ta shekara tana yi a kan tsallake tebur cikin 'yan daƙiƙoƙi ya ke ƙarewa. Har wa yau, hanyar ba da makin kanta tana da nauyi a zuciyar yaro, domin alƙalan kyawun aiki daga maki 10 su ke farawa suna ragewa. Ƙafa ta ɗan buɗe, a rage. Gwiwa ta ɗan lanƙwashe, a rage. An ɗaga ƙafa ɗaya bayan dira, a rage. Watau yarinya tun tana ƙarama ta san akwai manya zaune da alƙalami, ba su da aiki sai ƙidayar kurakuranta.

Cikin shekarar 2006 hukumar wasan ta duniya ta sake tsarin maki, ta ƙara wani maki dabam na wuyar abin da aka yi, wanda ba shi da iyaka. Tun daga nan wanda ya ke son nasara tilas ya riƙa ƙaro juyi a kan juyi. Galibin masu yin fice kuwa tun suna shekara 5 ko 6 su ke somawa, in sun kai matsayin manya su kan yi sa'a 30 ko fiye a mako suna horo.

Abin Da Tsoro Ke Yi Wa Jiki

Sa'ad da mutum ya hangi haɗari, na gaske ne ko na zato, waɗansu 'yan halittu biyu da ke bisa ƙoda su kan zuba wani ruwa cikin jini wanda likitoci ke kira adiranalin. Sai zuciya ta shiga bugawa da sauri, numfashi ya gajarta, tafin hannu ya jiƙe, miyau ya ƙafe, ciki ya murɗa. Wannan shiri ne da Allah Ya yi wa jiki don gudu ko faɗa, ba ya kuwa tambayar ko zaki ne a gaba ko alƙalan gasa. Jarumi da matsoraci duka suna jinsa. Ɗan dambe da a ke yi wa kirari yana tsuma, shi ma gabansa faɗuwa ya ke yi, sai dai ya saba da abin har ya mai da shi makami.

Cikin 1908 waɗansu masana biyu na Amurka, Yerkes da Dodson, suka yi gwaji da ɓeraye, suka tarar cewa in aiki mai wuya ne, matsi matsakaici ya fi sa a koya da sauri, in ya tsananta kuwa sai koyon ya lalace. Daga baya masana suka ga maganar ta shafi 'yan Adam. Misalinta kamar tsirkiyar molo ce: in ta yi sako-sako ba ta amo, in an ɗaure ta fiye da kima ta tsinke. Saboda haka malamin da ya ce zai kawar da fargaba gaba ɗaya daga zuciyar yaro ya ɗauko abin da ba ya yiwuwa. Aikinsa shi ne ya taimaki yaron ya riƙe ta daidai gwargwado.

Akwai kuma wata illa ta biyu wadda ta fi ɓuya. Abin da jiki ya maimaita sau dubbai ya kan koma yin kansa ba da tunani ba. Ku dubi mata masu lugude, yadda su ke jefa taɓarya sama, su tafa, su cafe, suna hira. Ranar da ɗaya ta tsaya tana lissafin yaushe za ta saki, yaushe za ta cafe, ranar ce taɓarya za ta kuɓuce mata. Haka fargaba ke yi wa gwani. Ta kan sa shi ya koma sa ido a kan kowace gaɓa tasa, sai abin da ya ke yi cikin ruwan sanyi a wajen horo ya gagare shi a gaban jama'a. Shi ya sa malamin da ke tsaye a gefe yana zubo wa yarinya gyara bakwai a lokacin da za ta hau katako, ɓarna ya ke yi yana tsammani taimako ne.

Ɗimuwa A Cikin Iska

Abin da ya sami Biles ya wuce faɗuwar gaba ta kullum. Masu wasan sun daɗe da saninsa, suna da sunan da suka laƙaba masa da harshensu, mu kuwa sai mu kira shi ɗimuwar iska. Mutum yana tsakiyar juyi sai ya rasa ina ne sama ina ne ƙasa, ya kasa sanin sau nawa ya murɗa, jiki ya ƙi bin abin da zuciya ta umurta. Ita da kanta ta bayyana cewa hankalinta da jikinta sun daina tafiya tare, ta kuma faɗa kafin ranar cewa wani lokaci ji ta ke kamar nauyin duniya duka bisa kafaɗunta ya ke. Ga shi kuma gasar ta zo cikin annobar korona, an jinkirta ta shekara guda, ba 'yan kallo, ba a kuma bar iyaye sun zo daga ƙasashensu ba.

Mai gudu in hankalinsa ya rabu, iyakarta a wuce shi. Mai alkafura kuwa in ya ɗimauce yana mita 2 ko 3 a sama, kansa a ƙasa, abin da ke jiransa karayar wuya ce. Maganin da masu horarwa suka sani shi ne a koma baya, a riƙa dira cikin rami mai cike da soso, a soma daga juyi mai sauƙi har jiki ya tuna hanyarsa, abin kuwa ya kan ɗauki makonni. Haka ta yi a ɓoye a ɗakin horon wata jami'a kusa da Tokyo. Ran 3 ga Agusta ta komo ta hau siririn katako, ta sake irin saukar da za ta yi zuwa wadda ba murɗawa a ciki, ta sami lambar tagulla.

Biyu Da Ba Su Iya Cewa A'a Ba

Don a gane darajar abin da ta yi, sai a waiwayi waɗanda suka riga ta. Elena Mukhina ta Tarayyar Sobiyat ita ce zakarar duniya cikin 1978. Cikin 1979 ta karye a ƙafa, aka gaggauta mai da ita horo tun ƙashin bai gama ɗinkewa ba, domin Wasannin Olamfik na 1980 a Mosko za a yi. Aka sa ta koyon wata alkafura mai haɗari wadda a ke ƙarasa ta da mirginawa bisa wuya da kafaɗa. Daga baya ta ba da labari cewa ta sha gaya wa masu horar da ita abin zai hallaka ta, ba a saurare ta ba. Ran 3 ga Yuli, 1980, a birnin Minsk, saura mako biyu a buɗe gasa, ta faɗi bisa haɓarta, ƙashin wuya ya karye. Tana da shekara 20. Ba ta sake motsa hannu ko ƙafa ba har ta rasu cikin 2006. Daga bisani aka hana mata yin wannan alkafura.

Ta biyu ita ce Kerri Strug ta Amurka. A gasar Atlanta ta 1996, tana da shekara 18, ta gurɗe a idon sawu a tsallenta na farko. Mai horar da ita, Bela Karolyi, ya ƙarfafa ta ta sake. Ta sake, ta dira, ta ɗage ƙafar, sa'an nan ta zube don zafi. Aka ɗauke ta a hannu zuwa wurin karɓar zinariya, duniya ta yi ta tafi. Amma da aka tattara lissafi sai aka ga ko ba ta yi tsalle na biyun ba Amurka ta riga ta ci, ita kuwa raunin ya hana ta shiga sauran gasannin da ta cancanta. Shekara 25 ke tsakanin Atlanta da Tokyo. A da an ɗauki yarinyar da ta yi biyayya cikin ciwo ita ce abin koyi. Yanzu jama'a da yawa sun soma tambaya, ina manyan da ya kamata su ce mata ta zauna? Abin lura kuma, Strug ɗin tana cikin waɗanda suka fito suka goyi bayan Biles.

Rabon Manya A Cikin Laifin

Ba dukan tsoron da ke zuciyar yaro ne daga katako ya fito ba, mai yawa daga wajen manya ya ke zuwa. Cikin 1976 a birnin Montreal na Kanada, Nadia Comaneci ta Rumaniya, 'yar shekara 14, ta sami maki 10 cikakke, abin da allon maki bai ma shirya nunawa ba, har ya rubuta 1.00. Tun daga nan ƙasashe suka raja'a a kan ƙananan 'yan mata marasa nauyi, masu saurin juyi, waɗanda ba su kai ga yin musu ba. Hukumar duniya ta ɗaga shekarun shiga gasar manya zuwa 15 cikin 1981, sa'an nan zuwa 16 cikin 1997. Duk da haka cikin 2010 sai da aka ƙwace lambar tagullar da ƙungiyar matan ƙasar Sin ta ci a Sidni cikin 2000, don an gano ɗayarsu shekararta 14 ce a lokacin.

A Ingila an naɗa wata babbar lauya, Anne Whyte, ta binciki yadda a ke horon yara daga 2008 zuwa 2020. Mutum fiye da 400 suka kai mata bayani, rahotonta ya fito cikin watan Yuni na 2022. Fiye da rabinsu sun ambaci cin zarafi na baki da na zuciya, kamar tsawa da zagi da wulaƙanci gaban 'yan'uwa. An sami labarin yaran da aka sa horo da rauni a jiki, da waɗanda aka hana ruwan sha ko zagayawa, da waɗanda a ke aunawa bisa sikeli kullum har suka koma ɓoye abinci. Bayan wannan, cikin 2023, hukumar wasan ta ƙasar ta hana masu horarwa auna nauyin yara, ta kuma hana auna duk wanda bai wuce shekara 10 ba. An yi irin wannan bincike a Ostareliya da Holan da Suwizalan, abin da aka tono kuwa ya yi kama da juna.

Mafi muni shi ne na Amurka, inda likitan ƙungiyar ƙasa, Larry Nassar, ya shekara da shekaru yana lalata da yaran da aka damƙa masa amana. Cikin Janairu na 2018 mata fiye da 150 suka tsaya gaban kotu a jihar Michigan suka faɗi abin da ya yi musu, aka ɗaure shi shekara 40 zuwa 175. Biles na cikin waɗanda ya zalunta, ta kuma ba da shaida gaban majalisar dattawan ƙasar cikin Satumba na 2021. Darasin a fili ya ke. Yaron da aka koya wa ya haɗiye tsoro, ya haɗiye ciwo, kada ya kuskura ya yi ƙorafi, an koya masa ke nan ya haɗiye kowane irin zalunci.

Masu Cewa Za A Sangarta Yara

Akwai dattawa da masu horarwa da ke cewa in aka buɗe wannan ƙofa, kowane yaro da gabansa ya faɗi sai ya ce ba zai yi ba, a wayi gari an tara ragwaye. Maganarsu tana da ƙamshin gaskiya, bai kamata a yi watsi da ita ba. Masana halin ɗan Adam sun tabbatar cewa gudun abin tsoro ƙara masa girma ya ke yi. Yaron da aka ɗauke wa gasa yau don cikinsa ya murɗa, gobe murɗawar za ta fi ta yau. Kowa ya ci zomo ya ci gudu, ba kuwa gwanin da ya zama gwani bisa tabarma.

Amma fa tsoro iri biyu ne, hikimar malami kuwa ita ce rarrabe su. Na farko shi ne ɗar-ɗar ɗin da ke zuwa kafin a soma, ya kan lafa da zarar an shiga aiki. Wannan a kan bi ta cikinsa ne, sannu a hankali, malami na kusa. Na biyu shi ne wanda ke ba da labarin haɗari: yarinya ta riƙa tsayawa cak a tsakiyar abin da ta daɗe da iyawa, ko ta ce ba ta san inda ta ke a iska ba, ko tana ɗingishi tana ɓoyewa, ko barci ya ƙaurace mata, ko ta daina cin abinci, ko kuwa wadda da ta ke ɗokin zuwa horo ta koma kuka kowace safiya. Wannan ba a yi masa tsawa, tsayawa a ke yi a bincika. Mai ɗaki shi ya san inda ya ke masa yoyo.

Ga mai shakka kuma, ga abin da ya biyo baya. Biles ta huta shekara biyu, tana ganin likitan zuciya da tunani a kai a kai, ba ta kuwa ɓoye ba. Cikin 2023 ta komo ta ci zinariya 4 a gasar duniya a birnin Antwerp na Beljiyam. Cikin 2024 a Paris ta Faransa ta ci zinariya 3 da azurfa 1, tana da shekara 27. Rabon da mace mai yawan shekarunta ta zama zakarar dukan fagagen huɗu a Olamfik tun 1952. Hausawa sun riga sun faɗa, ja da baya ga rago ba tsoro ba ne.

Aikin Malami Da Na Iyaye

Ba a fafe gora ranar tafiya. Malamin da ya ke son yaransa su natsu ranar gasa, tun a wajen horo zai saba musu da ita. Ya riƙa shirya gasar gwaji, a sa kayan gasa, a zaunar da alƙalai, a gayyato 'yan kallo, a ba kowa dama ɗaya tak, domin abin da ido ya saba gani ba ya firgita zuciya. Kada ya kai yarinya gasa da juyin da ba ta iya shi sarai ba, gara mai sauƙi da ta mallaka da mai wuya da ta ke yi da sa'a. Ya koya mata numfashi: ta shaƙa a hankali tana ƙirga 4, ta fitar tana ƙirga 6, gama fitar da numfashi a tsanake ya kan sassauta bugun zuciya. Ya koya mata ta rufe ido ta bi wasanta daga farko har ƙarshe a cikin zuciya kafin ta hau. Ya bar ta da kalma ɗaya ko biyu da za ta riƙe, maimakon tarin gyare-gyare. Ya kuma koya mata faɗuwa kanta, yadda a ke faɗuwa ba a ji ciwo ba, da yadda a ke tashi a sake hawa cikin daƙiƙa 10 ɗin nan, don ranar da abin ya faru kada ya zo mata baƙo.

Fiye da duk waɗannan, ya kula da fuskarsa. Yaro in ya faɗi, kafin ya dubi allon maki fuskar malaminsa ya ke fara duba. In ya ga an juya masa baya, ya koyi cewa darajarsa a makinsa ta ke, gobe kuwa zai hau katako da tsoro biyu, na faɗuwa da na malami.

Iyaye kuma nasu ya fi sauƙin faɗi, ya fi wuyar yi. Kada a tari yarinya da tambayar ta nawa ta zo tun ba ta sha ruwa ba. Kada a riƙa lissafa mata kuɗin da aka kashe a kanta, ko a gwada ta da 'yar maƙwabta. Gyaran wasa na malami ne, a bar masa. Abin da ta ke bukata a gida shi ne ta tabbata tuwonta da matsayinta ba su rataya ga lamba ba. In kuwa ta ce wani abu na damunta a wajen horo, a saurare ta har ta gama, sa'an nan a je a gani da ido.

Hukumomi su ma da nasu. Ɗakin horon yara kada ya zama wurin da a ke rufe ƙofa a hana iyaye leƙawa. Wanda zai ce yaro ya warke ko bai warke ba ya zama likita ne wanda ba ya ƙarƙashin mai horarwa. A kuma tanadi inda yaro zai kai kuka ba tare da ya ji tsoron a cire shi daga ƙungiya ba.

Mu Fa?

Wani zai ce wannan duk labarin Turai da Amurka ne. Lalle can abin ya fi ƙarfi, amma ya soma isowa. A wancan Tokyo ɗin ne Nijeriya ta fara samun wakili a wannan wasa a Olamfik, watau Uche Eke, wanda ya riga ya ci zinariya a Wasannin Afirka na 2019 a birnin Rabat na Maroko. Duk wanda ya ga yaranmu suna alkafura bisa tarin yashi a bakin hanya ya san baiwar tana nan. Ranar da za a tattara su a yi musu horo na sosai, sai mu zaɓa, ko mu fara daga inda waɗancan ƙasashe suka gyara, ko mu bi ta kan ramin da suka faɗa.

Kuma ba sai an jira wannan rana ba. Yaron da ya haddace karatunsa sarai ya zo gaban alƙalan musabaƙa harshensa ya sarƙe, da yarinyar da ta san lissafi ta shiga ɗakin jarrabawa kanta ya ɗauke, da ɗan tseren da ƙafarsa ta yi sanyi ranar wasannin makaranta, duk abin nan guda ne ke damunsu. Sau da yawa kuwa maganin da mu ke ba su shi ne bulala ko gori, watau mu ƙara ɗaure tsirkiyar da ta riga ta kusa tsinkewa. Ya kamata makarantun horon malamai su sa wannan fanni cikin abin da su ke koyarwa, yadda kowane sabon malami zai fita ya san alamun fargaba, ya san wadda a ke ƙarfafa wa yaro gwiwa a kanta da wadda a ke dakatawa.

Icce tun yana ɗanye a ke tanƙwara shi, gaskiya ne, amma mai tanƙwarawa da garaje karya shi ya ke yi. Lambar zinariya in ta kuɓuce bana, ana iya nemanta baɗi. Wuyan yaro da natsuwar zuciyarsa kuwa amana ce da za a tambaye mu a kanta. Allah Ya ba malamai da iyaye basirar riƙon wannan amana, Ya kuma raya mana zuriya cikin lafiya da ƙarfin hali, amin.